Babi na Shida: Wuni Guda a Ofishin Hulɗa da Jama'a

Ɗalibin da ya samu damar yin wuni tare da jami'in hulɗa da jama'a yakan tafi da hoto guda a ransa: zaure cike da 'yan jarida, na'urorin ɗaukar magana jere a kan tebur, kakaki ya gyara zaman hularsa ya fara jawabi. Ana yin irin wannan taro, amma a ofisoshi da yawa sai a yi wata cur ba a kira shi ba, in ma an kira da wuya ya ci sa'a guda. Sauran lokacin duk karatu ne da rubutu da buga waya da jiran sa hannun oga. Wanda ya je don taron kaɗai zai koma gida ya ce bai ga komai ba, alhali a gabansa aka yi komai.

Wannan wuni daban yake da shirin sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973, inda ɗalibi kan shafe watanni a ma'aikata, a ba shi kujera, a riƙa sa masa hannu a littafin rahoto. A nan ba wanda ke tsammanin ka taɓuka wani abu. Ka zo ne ka bi mutum guda tun daga shigowarsa har tashinsa, ka ga yadda ranarsa take tafiya. A Amurka tun ƙarshen shekarun 1990 ake ware rana a farkon watan Fabrairu da ma'aikatu ke buɗe wa ɗalibai ƙofa don haka. Mu ba mu da irin wannan rana, sai dai ɗalibi ya nema da ƙafarsa. (Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, ɗaliba ta sani da ita ma nake.)

Neman bai kai wahalar da ake zato ba. Ofishin da zai yi ta jan ƙafa a kan ɗalibin wata shida, kunya yake ji ya hana wuni guda. Ka karɓi takarda daga shugaban sashenku, gajera, ta faɗi sunanka da ajinka da ranar da kake so, ta kuma fito fili cewa kallo kawai za ka yi. In ba ka san kowa ba, fara da malamanka, don yawancin jami'an nan ɗalibansu ne na jiya. Akwai kuma reshen jiharku na Cibiyar Ƙwararrun Jami'an Hulɗa da Jama'a ta Nijeriya, wato NIPR, wadda Sam Epelle ya jagoranci kafa ta a 1963, dokar soja mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin aikin jarida gida-gida a 2020, hulɗa da jama'a ta zama digiri mai cin gashin kansa, masu neman irin wannan dama za su ƙaru, don haka wanda ya riga zuwa shi zai fi samun fuska.

Ofisoshin ba iri ɗaya ba ne. Sashen yaɗa labarai na ma'aikatar gwamnati yana tafiya ne da motsin kwamishina ko babban sakatare. Ofishin kakakin 'yan sanda bai san yadda ranarsa za ta kasance ba sai gari ya waye. A banki ko kamfanin waya kowace kalma sai ta bi ta hannun lauya, sau da yawa ma daga hedikwata ake aiko ta a rubuce. Kamfanonin da sana'arsu ke nan, su yi wa wasu hulɗa da jama'a a biya su, galibi a Legas da Abuja suke. Da za a bar mini zaɓi, sai in tura ɗalibi wurin da jama'a ke yawan kuka da shi, kamar asibitin koyarwa, ko hukumar ruwa, ko kamfanin rarraba wuta, ko hukumar alhazai gab da tashin maniyyata. A can ne ake ganin aikin da gumi.

Ranar ma a zaɓe ta. Juma'a rabin rana ce. Safiyar Litinin tarurruka ke cinye ta, kuma ba lalle a bar baƙo ya shiga ba. Ranar babban taro kowa na gudu, ba mai lokacin yi maka bayani. Jajibirin taro ya fi duka, domin ranar ake rubuta jawabi, ake fitar da sunayen 'yan jaridar da za a gayyata, ake gardama a kan wanda zai zauna kusa da wa.

Kafin ka je, ka yi wa kanka ɗan aiki na mako guda. Nemo sanarwowin da ofishin ya fitar a watan da ya wuce, a jarida ko a shafinsu na Facebook. Sannan ka saurari abin da mutane ke faɗa game da su a shirye-shiryen rediyo da ake bugo waya, da abin da ake rubutawa a ƙarƙashin sanarwowin nasu, da hirar teburin mai shayi. Za ka tarar da rata tsakanin abin da ma'aikatar ke faɗa a kan kanta da abin da ake faɗa a kanta. Cike wannan rata shi ne aikin mutumin da za ka bi, kuma in ka shiga ofishinsa ka riga ka san girmanta, duk abin da ya yi a ranar zai yi maka ma'ana.

Bi takarda guda

Ka riga jami'in zuwa ofis. Abin da za ka fara gani shi ne bitar kafofin labarai: wani yana duba jaridun ranar, wani yana sauraron abin da aka naɗo daga rediyo daren jiya, wani yana bin intanet, a haɗa taƙaitaccen rahoto a kai wa shugaba kafin ƙarfe goma. Ka roƙi a nuna maka na ranar, ka lura da labarin da aka sa a sama da wanda aka tura ƙasa.

Daga nan sai babban abin da nake so ka yi. Kada ka ce sai ka ga komai, wuni guda ba zai isa ba. Ka zaɓi takarda guda da ake aiki a kanta, sanarwa ce ko jawabi ko amsar tambayar ɗan jarida, ka bi ta daga inda aka haife ta har inda ta ƙare.

A ce kamfanin wuta ne zai ɗauke wuta kwana biyu a wasu unguwanni don gyara. Injiniya zai turo bayani da harshensu na injiniyoyi, layi mai lamba kaza, tasha kaza. Jami'in hulɗa da jama'a zai zauna ya tambayi kansa abin da mai injin markaɗe da mai sayar da ƙanƙara da mai walda suke buƙatar sani: wace unguwa, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, me ya sa, wa za a kira in lokacin ya wuce wuta ba ta dawo ba. Ya rubuta. Takardar ta hau sama. Manaja ya soke "ƙarfe shida na yammacin Alhamis" ya sa "nan ba da jimawa ba", don yana tsoron kada gyaran ya wuce lokaci a kama shi da alkawari. Lauya ya ja layi a ƙarƙashin jimlar ban haƙuri, wai za a iya ɗaukarta amsa laifi. Takardar ta sauko ta rame. Abin kallo shi ne matakin da jami'in zai ɗauka. Wani zai karɓa ya tura yadda aka ba shi. Wani zai koma sama ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba mu faɗi lokaci ba, gobe da safe rediyo za ta faɗa mana shi. Mu sa Juma'a da safe mu ba kanmu rata, amma mu sa lokaci." Wannan komawa sama da takarda a hannu ita ce ke raba jami'i da ɗan aike, kuma ba a iya koyar da ita a aji, sai dai a gan ta.

In sun yarda, ka nemi rubutun farko da na ƙarshe ka jera su. Duk kalmar da aka cire akwai wanda take ba tsoro, duk wadda aka ƙara akwai wanda ake so a faranta wa. Ka tambayi dalilin guda biyu ko uku. Rabin sa'a a kan waɗannan takardu biyu ya fi maka duk hotunan da za a ɗauka a ranar.

Ita wannan gardama ta tsakanin a faɗa da a rufe ta girmi kowa a ofishin. A watan Oktoban 1906 jirgin ƙasa ya faɗa ruwa a Atlantic City ta Amurka, mutum sama da 50 suka mutu. Al'adar kamfanonin jirgi a lokacin ita ce su yi gum su kori 'yan jarida. Ivy Lee, wanda ke ba kamfanin Pennsylvania Railroad shawara, ya shawo kansu suka fitar da bayani a rubuce kafin jita-jita ta cika gari, aka kuma ba 'yan jarida damar zuwa wurin. Wannan takarda ake yawan kira sanarwar manema labarai ta farko. Malamanka sun faɗa maka wannan labari, amma a aji ba a cika tsayawa a kan cewa sai da Lee ya fara cin nasara a kan iyayen gidansa ba, kafin takardar ta kai hannun ɗan jarida.

Bayan sa hannu, ci gaba da bin takardar. Yau yawanci zauren WhatsApp na 'yan jarida ake jefa ta, sannan a bi wasu 'yan kaɗan da kiran waya. Ka lura da waɗanda aka kira, da irin muryar da aka yi musu magana da ita, domin wannan zumunci na shekaru shi ne jarin jami'in. Ka kuma sa ido a kan Hausar sanarwar. A ofisoshi da yawa a Arewa da Turanci ake rubuta komai, a yi ta gyara har azahar, sannan a miƙa wa duk wanda ke kusa ya juya ta Hausa cikin minti goma, alhali mafi yawan waɗanda saƙon ya shafa a rediyo za su ji shi, da Hausa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, ga gidajen rediyon FM birjik a Kano da Kaduna da Katsina, amma har yanzu akwai ofishin da ke ɗaukar Hausa aikin ƙarshen rana. In kana da Hausa mai kyau a alƙalami, wannan ita ce ƙofarka. Kana iya cewa cikin ladabi, "Malam, ko a ba ni in gwada ta Hausar, ku duba?" In an ba ka, rubuta yadda za ka faɗa wa kakarka, ka karanta da ƙarfi kafin ka miƙa.

Tambaya, da kame baki

Ba kowane lokaci ake tambaya ba. In jami'in yana kan waya, ko yana rubutu da agogo a kansa, ko akwai baƙo, rubuta tambayarka a littafi ka jira. Lokutan da baki ke buɗewa su ne cikin mota, da hanyar masallaci, da wurin cin abinci. Kuma tambayar da amsarta ke intanet ɓarnar lokacinsa ce. Tambaye shi ranar da ta fi kowace wuya a aikinsa. Tambaye shi ko ya taɓa ce wa shugaba kada a fitar da wata magana, da yadda aka ƙare. Tambaye shi abin da yake yi in ɗan jarida ya bugo da tambayar da ya san amsarta amma ba a ba shi izinin faɗa ba. Jami'in kirki zai ce maka yana cewa ba zai iya magana a kai yanzu ba, ba ya ƙirƙiro wata amsar. Maganar albashi ba laifi ba ce, amma a bar ta zuwa yamma, kuma a tambayi na mai farawa, ba nasa ba.

Akwai tambaya guda da kan sa jami'ai su gyara zama: ta yaya kuke sanin aiki ya yi? Wasu har yau tara guntayen jarida suke yi a fayil, su lissafa kuɗin da filin zai ci da a ce talla ce, su kai wa shugaba adadin. Ƙwararrun sana'ar da suka taru a Barcelona a 2010 sun yi watsi da wannan lissafi, suka ce a auna abin da ya sauya wurin mutane. Ba sai ka faɗa masa haka ba. Saurari amsarsa kawai.

Wayarka ta zauna a aljihu. Za ka ji abin da bai fita ba tukuna, sunan wanda za a naɗa, ko adadin waɗanda suka rasu kafin a sanar da iyalansu, ko takardar koken mara lafiya da sunansa a kai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 tana nan, amma tun kafin a je ga doka, ɗalibin da ya ɗauki hoton allon kwamfutar ofis ya ɗora a shafinsa ya rufe wa 'yan ajinsu ƙofar nan na shekaru. Hoton tunawa a bari sai an tashi, a nemi izini.

Kada idonka ya tsaya kan oga kaɗai. Mai ɗaukar hoto ya san abin da shugaba ba ya so a nuna. Sakatariya ta san wanda wayarsa ke shiga kai tsaye. Direba ya san gidan kowane edita. Gaishe su da sunan da ofis ke kiransu, Hajiya ko Malam ko Baba, ka zauna da su lokacin da jami'in ya shiga taron da ba a yarda da baƙo ba, maimakon ka duƙufa kan waya.

Wataƙila ka ga ambulan. Bayan taro, wani ya tsaya a bakin ƙofa da takardar sunaye, kowane ɗan jarida ya sa hannu ya karɓi abin da ake kira kuɗin mota. Dokokin aikin jarida da na hulɗa da jama'a duka ba su yarda da biyan kuɗi don a buga labari ba, kuma kowa a zauren ya san haka. Masu yi za su ce maka wasu wakilan ba a biyansu albashi a kan kari, in ba a ba su ba ba za su iya zuwa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni dai ina ganin ofishin da ya saba da ambulan yakan manta yadda ake rubuta labarin da zai shiga jarida da ƙafarsa, kuma ranar da babbar matsala ta taso ambulan ba ta hana a buga. Kai baƙo ne, ba wa'azi ka zo yi ba. Gani za ka yi, ka riƙe, ka tambayi kanka ko za ka iya tsayawa a bakin waccan ƙofa, in kuwa ba za ka iya ba, wane irin ofis ya kamata ka nema.

In an ce za a fita zuwa wurin hakimi ko mai unguwa ko limami, bi su, ko da hakan na nufin ka rasa wani abu a ofis. (Ɗaliba ta tambayi lokacin dawowa tun kafin a tashi, ta sanar da gida.) A ƙasar Hausa babban ɓangaren wannan aiki a zaure ake yin sa, a kan tabarma. Tarihin rigakafin shan inna ya isa misali. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi saboda zargin akwai abin da ke hana haihuwa a ciki, ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai warke ba. Sanarwowi daga Abuja da Geneva ba su kashe wutar ba. Kano ta koma yin rigakafin a watan Yulin 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, sannan aikin ya ƙara kafuwa da sarakunan Arewa suka shigo da ƙarfinsu ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar daga 2009, suka sauko da maganar ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Saboda haka in ka ga jami'i ya cire takalmi ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya ɗauki minti goma bai taɓo abin da ya kawo shi ba, aiki yake yi. Lura da wanda ya fara magana, da wanda aka sa ya isar da saƙon, da abin da mutanen suka tambaya wanda babu shi a takardar da aka zo da ita.

Bayan an tashi

Daren ranar ka zauna ka rubuta, kafin barci ya wanke maka kai. Tafiyar takardar da ka bi, hannu nawa ta ratsa, abin da aka cire, maganar da ta ba ka mamaki. Washegari ka aika wa jami'in saƙon godiya, gajere, ka ambaci abu guda takamaimai da ka koya, domin godiyar da ba ta ambaci komai ba kowa ma yana samunta. Ka kuma duba ko sanarwar ta fito, a ina, da wane kanun labari. In ka ji ta a rediyo, sanar da shi tashar da lokacin, ka rage masa aiki ke nan. Kada ka haɗa godiya da neman aiki a saƙo ɗaya. Bayan wasu makonni kana iya tura masa wani rubutu naka ka roƙi gyara, in lokacin SIWES ya zo kuwa, takardarka za ta sauka a teburin wanda ya san fuskarka.

Ɗalibi na iya dawowa ya ce wannan aiki ba nasa ba ne: ba zai iya rubuta jawabin da wani zai karanta a tafa wa wanin ba, ko wayar da ba ta mutuwa ko ranar Sallah ta fi ƙarfinsa. Gara ya gane haka a aji biyu da ya gane bayan bautar ƙasa. Ko ka so aikin ko ka ƙi shi, saura rabin tafiyar takardar ba ka gani ba. Nemi wani wunin a ɗakin labarai na gidan rediyo ko jarida, ka zauna kusa da edita wajen ƙarfe uku na rana, lokacin da sanarwowi ke ta shigowa wayarsa, ka ga wadda yake buɗewa, da layi nawa yake karantawa kafin ya wuce ta gaba.